Shin in kai bindigata a faɗaɗa mata mazaunin harsashi don ƙarin gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da raifil ta farauta mai cin harsashi ɗaya, irin wadda ake karyawa a zura harsashi a rufe, .22 Hornet ce, kuma lasisinta da sunana yake. Gonata tana wajen Kujama, gyazbi da birai sun hana ni sakat. Na ga Turawa a YouTube suna faɗaɗa mazaunin harsashin irin wannan bindiga ya koma K-Hornet, wai gudu yana ƙaruwa. Wani tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, a Panteka ya ce in dai na samo masa rima, ƙarfen da ake faɗaɗa rami da shi, zai yi mini aikin. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka kai masa. Ba wai aikin ƙarya ba ne. Aiki ne na gaskiya, tsoho kuma, masana sun fi shekara tamanin suna yin sa. Amma an ƙirƙire shi ne domin mutumin da ke ɗura harsashinsa da hannunsa, kai kuwa na kamfani kake harbawa. Ga mai harba na kamfani, faɗaɗa mazauni rage gudu yake yi, ba ƙarawa ba. Wannan shi ne abin da masu bidiyon ba sa tsayawa su faɗa, domin su a ƙasarsu kowa ya san da shi.

Bari in fara da abin da ake yi wa bindigar. A gindin bututu, inda harsashi yake kwanciya kafin a harba, akwai rami da aka sassaƙa daidai siffar kwanson harsashin. Shi ne mazauni. Ɗauki harsashin Hornet ka duba shi a hasken rana: gindinsa yana da leɓe, jikinsa yana tsukewa a hankali, kafaɗarsa a zube take har ba ka iya cewa ga inda ta fara, sai dogon wuya siriri. Tsohuwar siffa ce, ta zamanin baƙin albarushi, duk da cewa sai a farkon shekarun 1930 kamfanin Winchester ya fitar da shi kasuwa da wannan suna. A wajen 1940 wani Ba'amurke, Lysle Kilbourn, ya miƙar da bangon mazaunin, ya tura kafaɗar gaba ya kuma tsayar da ita. Harafin K ɗin nan na sunansa ne. Wanda ya yi fice da irin wannan dabara kuwa shi ne P. O. Ackley, maƙerin bindiga ɗan Amurka da ya rayu daga 1903 zuwa 1989, wanda ya bi harsasai iri-iri yana rage musu tsukewar jiki, yana ba su kafaɗa mai digiri 40.

Dabarar tana da daɗin ji. Sabon mazaunin yana karɓar tsohon harsashi. Ka zura na kamfani ka harba, matsin wuta ya hura tagullar kwanson ta manne da sabon bango, ka buɗe bindiga ka ga kwanso ya fito da sabuwar siffa, ƙirji a cike, kafaɗa a tsaye. Wannan kwanson da ya buɗe shi ne ribar. Yanzu cikinsa ya fi na da girma, don haka mai ɗuri zai cire tsohuwar firaima, wato ɗan maɓallin da ke gindi wanda allura ke duka, ya sa sabuwa, ya auna albarushi fiye da na da, ya dasa sabon kai. Harbi na biyu shi ne K-Hornet. Na farko Hornet ne kawai da aka harba a ɗakin da ya fi ƙarfinsa, wani kaso na ƙarfin wutar ya tafi wajen buɗa tagulla da cike sarari, saboda haka gudunsa yakan ɗan yi ƙasa da yadda yake a mazauninsa na asali. Kamar ka sa wa mota babban tanki ne amma man da kake zubawa bai ƙaru ba.

To kai a Kaduna ina za ka samu harbi na biyun? Ɗurin harsashi yana bukatar injin matsi, da ma'aunin da ke gane bambancin da bai kai nauyin ƙwayar gero biyu ba, da ƙarafan gyaran kwanso na wannan siffar musamman, da firaima, da albarushi marar hayaƙi na ainihin nau'in da littafin ɗuri ya ambata. Ba a sayar da waɗannan a kasuwa a ƙasar nan, kuma haɗa harsashi ba tare da izini ba laifi ne a doka, kamar yadda ƙera bindiga yake. Na san akwai masu farke harsashin bindigar tsaki su kwashe albarushin su zuba a wani abu, ko su ɗura shi a bindigar toka. Wannan ba ɗuri ba ne, neman ajali ne. Albarushi marar hayaƙi nau'i-nau'i ne, kowanne da saurin ƙonewarsa, na bindigar tsaki yana cikin masu saurin ci sosai. Abin da ya yi daidai a wannan kwanso, a wancan sai ya tarwatsa ƙarfe.

Mu ɗauka ma kana Amurka, kayan ɗuri na gabanka. Nawa ne ƙarin? Harsashin Hornet na kamfani mai kai giren 45, wato kusan giram 2.9, yana fita da gudun ƙafa 2,690 a daƙiƙa, kimanin mita 820. K-Hornet yana ƙara wa cikin kwanso abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, a kimance. Masu ɗuri suna da wani lissafi da suka daɗe suna amfani da shi: in matsi bai canja ba, gudu yana ƙaruwa ne da kusan rubu'in abin da cikin kwanso ya ƙaru. Kashi 10 na sarari ya ba ka kashi 2.5 na gudu, mita 20 ke nan a daƙiƙa a kan 820. A nisan mita 100, bambancin faɗuwar harsashi tsakanin biyun bai kai santimita ɗaya ba. A mita 150 ya ɗan haura santimita ɗaya. Rawar hannunka da bugun numfashinka sun ninka wannan. Babu gyazbin da zai tsira daga Hornet amma K-Hornet ya kashe shi.

Za ka ce ai ka ji masu cewa sun samu ƙarin ƙafa 200, har fiye. Wasu sun samu. Sai dai yawancin wannan ƙarin ba daga faɗin kwanso ya zo ba, daga ƙarin matsi ya zo. Kwanso mai miƙaƙƙen bango yana riƙe jikin mazauni da kyau, ba ya saurin nuna alamun wahala da mai ɗuri ya saba dubawa, sai mutum ya yi ta ƙara albarushi yana ganin lafiya lau, alhali ya daɗe da wuce iyaka. A zamanin Ackley maƙera kaɗan ne ke da na'urar auna matsi, da ido da hannu ake hukunci. Da na'urori suka yawaita aka riƙa aunawa, sai aka ga da yawa daga cikin alkaluman da ake yayatawa sun haura ƙa'ida. Shi ya sa ma daga cikin tarin harsasan da ke ɗauke da sunansa, wanda ya yi suna wajen samun karɓuwa a hukumance shi ne .280 Ackley Improved, wanda ƙungiyar SAAMI mai tsara ma'aunin makamai da harsasai a Amurka ta amince da shi a 2008 bayan kamfanin Nosler ya gabatar da shi. K-Hornet kuwa rimarsa ma ba iri ɗaya ba ce, wannan kamfani da kusurwar kafaɗarsa, wancan da tasa.

In za a yi adalci, K-Hornet yana da amfani na gaske, amma ba a gudu yake ba. Tagullar Hornet siririya ce, kuma saboda zubewar kafaɗarta, duk harbi sai ta ɗan miƙe gaba. Mai ɗuri da ke maimaita kwanso ɗaya zai ga wani zobe mai sheƙi ya fito a jikinsa, ɗan sama da leɓe. In ya lanƙwasa kan siririyar waya ya zura ciki yana shafa bango, zai ji ta faɗa wani ɗan kwari daidai wurin. Tagullar ta sirance ke nan, harbi na gaba gindin zai iya fita ya bar sauran kwanson a maƙale a ciki. Tsayayyar kafaɗa tana rage wannan miƙewar, kwanso ya daɗe. Ga mutumin da ke harba ɗaruruwan harsasai a shekara yana tattara kwansonsa a gwangwani, wannan riba ce. Kai da kwansonka ba ya komawa bindiga, me ka ci?

Akwai ma asara a gefenka. Harsasan Hornet da ke hannun mutane a nan galibi tsofaffi ne, sun sha damina da hunturu a akwati. Tagulla in ta tsufa wuyanta yakan yi tauri. A mazauninta na asali tana iya jurewa, domin kaɗan za ta buɗe. A faɗaɗɗen mazauni kuwa sai an ja ta ta cike sabuwar kafaɗa, nan ne take tsagewa a tsaye. Na sha ganin irin wannan kwanso a kan teburin aiki: tsaga siririya daga wuya zuwa kafaɗa, gefenta baƙi ƙirin da toyi, ga kuma tabon da wutar ta bari a bangon mazaunin. Iskar da ta fita ta nan baya take nema, kuma a bindigar karyawa bayan nan fuskarka ce. Garin neman gira a rasa ido, a wannan aikin ba karin magana ba ce kawai.

Yanzu maganar mutumin Panteka. Ban raina su ba, ko kusa. Wanda ya san Panteka ya san akwai masu hannu a wurin, mutanen da za su dubi ƙarfen injin niƙa da ya karye su sassaƙa maka sabo kafin la'asar. Amma mazaunin harsashi ba a sassaƙa shi da ido. Abin da ake tsarewa shi ne ratar da ke tsakanin gindin harsashi da fuskar ƙarfen da ke tare shi in an rufe bindiga. Tsakanin daidai da haɗari, abin bai fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Ana auna ta da geji na musamman, guda biyu: ɗaya dole bindiga ta rufu a kansa, ɗayan dole ta ƙi rufuwa. Tambayi tanan ko ya taɓa riƙe su. Sannan dole sabon ramin ya zauna a tsakiyar bututu cif, in ya karkace ko kaɗan harsashi zai shiga zanen cikin bututu a gicciye, bindigar da ke haɗa harbi wuri ɗaya ta koma watsawa. Ƙarfen da rima ta ci kuma ba ya dawowa.

A nan ne irin bindigarka take da tata matsalar. Masu cin ɗaya ba duka ɗaya ba ne. Akwai masu tubalin ƙarfe da ke sauka ƙasa in an ja hannu, irin Winchester 1885 da John Browning ya zana, da Ruger No. 1 ta shekarun 1960, akwai kuma Martini da sojojin Ingila suka fara riƙewa a 1871. Waɗannan bututunsu da zare yake, murɗa shi ake yi a jikin bindiga. In aka yi kuskure aka zurfafa, maƙeri yana iya yanke gindin bututun ya mayar da shi baya ya sake, ko da yake sai ya yi cikakken zagaye guda domin saiti da gurbin haƙorin da ke fizgo kwanso su dawo inda suke. Taka ta karyawa ba ta da wannan gata. Bututun da ƙugiyar da yake juyawa a kai abu ɗaya ne, babu zaren da za a mayar baya. Kuskure ɗaya, bututu ya tafi. Ina za ka samu wani?

Abin da ya sa Turawa suke son yin wannan aikin a kan Hornet da .30-30 shi ne leɓen gindinsu. Leɓen ne ke tsayar da harsashi, don haka ana iya buɗa gaba ba tare da an taɓa mazaunin leɓen ba. Harsasai marasa leɓe kuwa a kan kafaɗa suke tsayawa, shi ya sa Ackley yake sa sabon mazauninsu ya gaza na asali da inci 0.004, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, domin harsashin kamfani ya matsu ya zauna daram. Wannan ba ya yiwuwa sai an mayar da bututu baya. Na kawo wannan ne saboda na san abin da ke biyo baya. In ka ƙi K-Hornet, wani zai ce maka to a buɗa ta gaba ɗaya ta ci harsashin .223, tunda kaurin kan harsashin kusan ɗaya ne. Wannan ya fi na farko muni. Iyakar matsin Hornet a ma'aunin SAAMI fam 49,000 ne a kan kowane inci murabba'i, na .223 kuwa 55,000. Ba nan kaɗai ba: gindin .223 ya fi faɗi, milimita 9.6 a kan kusan 7.6, kuma ƙarfin da ke dukan makullin bindiga yana tafiya ne da faɗin gindin. Ka haɗa biyun, dukan ya ƙaru da fiye da rabi, a kan makullin da ba a gwada shi da haka ba. Zanen cikin bututun Hornet kuma a hankali yake murɗawa, yawanci zagaye ɗaya a inci 16, ba zai daidaita dogon kai mai nauyi ba. Wasu tsofaffin Hornet ma na kafin yaƙin duniya na biyu bututunsu ya fi na yanzu tsukewa kaɗan. Sannan ka tambayi kanka daga hannun wa harsashi mai kama da na soja zai fito a jihar Kaduna, da abin da za a kira ka in an same shi a aljihunka.

Haka nan masu cewa a zura bututun raifil a cikin bindigar tsaki mai baki ɗaya don sun yi kama a ido. Bindigar tsaki mai lamba 12 iyakarta fam 11,500 ne. Kamfanin H&R na Amurka, da ya yi suna da bindigogin karyawa, jiki iri biyu ya riƙa yi, ɗaya na tsaki da ƙananan harsasai, ɗaya na ƙarfe mai tauri domin manyan harsasan raifil, kuma daga nesa ba ka bambanta su.

A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP ta gwajin bindigogi, irin Ingila da Jamus da Beljiyam, bindigar da aka taɓa mazauninta sai ta koma gidan gwaji kafin a sayar da ita. A can za a harba ta da harsashin da matsinsa ya haura na yau da kullum da kashi 25 cikin ɗari, babu kowa a bayanta, a sake aunawa, sannan a buga mata hatimi. Gidan gwajin Birmingham tun 1813 yake wannan aikin. In ka duba ƙarƙashin bututun bindigarka, kusa da ƙugiya, mai yiwuwa ka ga irin waɗannan ƙananan tambura in daga Turai ta fito. Ranar da rima ta shiga, shaidar da suke bayarwa ta faɗi. Gwajin farko bayan aikin Panteka, a kafaɗarka za a yi shi.

Sai doka. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa, a ciki har da raifil masu kaurin 7.62mm da 9mm da inci .300 da .303. Na biyu na ƙashin kai, irin bindigar tsaki da raifil ta farauta, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Taka tana gida na biyu. Dokar ta hana kowa ƙera bindiga ko harsashi, ko haɗa su, ko gyara su, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko wanda aka ba izini a rubuce, kuma hukuncin saɓa wannan ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ka lura, har gyara. Tanan da ya ɗora bututunka a injinsa ya shiga ciki, kai da ka kai masa ma ba ka fita ba. Wataƙila shi bai sani ba, yana ganin ƙarfe ƙarfe ne, kada ka ja wa mai iyali abin da bai ji ba bai gani ba. Ko DICON, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kakuri, wadda aka kafa tun 1964, doka ce ta ba ta ikon taɓa makami, ba iya aiki kaɗai ba. Lasisinka kuma na bindigar da aka rubuta ne, da lambarta da harsashinta. Ranar sabuntawa in aka duba aka ga mazauni ya saɓa wa abin da ke jikin bututu da takarda, bayanin zai yi maka wuya.

Zargina shi ne ba gudu ne ya dame ka ba, kuskure ne ya yi yawa, ka ɗora wa harsashi laifi. Hornet mai lafiya tana isar gyazbi da zomo da makamantansu har mita 150, kuma a gonar masara da wuya ka hango su a nisan da ya kai haka. Kafin ka zargi harsashi, karya bindigar ka tabbatar babu komai a ciki, ka ɗaga bututun ka leƙa ta gindi wajen haske. Zanen ciki ya kamata ya fito tsaf da kaifinsa. In ka ga duhu-duhu da ƙananan ramuka, tsatsar damina ce ta ci shi, kuma faɗaɗa mazauni ba zai warkar da wannan ba. Duba bakin bututun sosai, da gilashin ƙara girma in kana da shi. Ɗan lotsewa a gefen ramin, irin wanda ake samu in an jingina bindiga baki ƙasa a kan siminti ko an yi ta goge ta da sandar ƙarfe ta gaba, ya isa ya karkatar da harsashi fiye da duk abin da K-Hornet zai gyara. Rufe ta ka riƙe gindi da hannu ɗaya, bututu da ɗayan, ka girgiza. In ka ji motsi ko ƙas-ƙas, makullin ya saki, kada ka sake harba ta sai mai izini ya duba. Taɓa sukurorin saiti ko na madubi, sau da yawa nan ɓarawon yake. Sannan ka samu wuri mai tudu a baya, ka ɗora ta a kan buhun yashi, ka harba uku a takarda daga mita 50. In sun taru, bindiga lafiyarta ƙalau, saura kai da saiti.

Harsasanka kuma ka raba su da zafi. Wanda ya wuni a cikin mota a rufe a watan Maris ko Afrilu matsinsa yana hawa. Duk wanda ka ga wuyansa ya tsage ko ya yi kore-kore, ware shi, kada ka gwada.

Don abin da ya shafi gyara, hanyar ita ce ofishin da ke kula da lasisin makamai a hedikwatar 'yan sandan jiha. Ka je da takardunka ka tambaye su wanda aka yarda ya taɓa ta. Kuma tunda wajen Kujama ka ambata, ka san halin da dazukan Chikun suke ciki. Ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin cewa kana da bindiga mai lasisi a gona, takardar ta kasance a jikinka duk lokacin da ka ɗauke ta. Kada ka harbi biri a kan bishiya da raifil. Harsashin da ya kuskure sama yana tafiya fiye da kilomita guda, kuma bayan gonarka akwai masu itace da makiyaya. Birai dai gadi da karnuka sun fi bindiga maganinsu, gyazbi kuma tarko a bakin hanyarsa da share ciyawar gefen gona.